Fulogin garwashi ko CDI: yadda za ka zaɓar wa injin ƙaramin jirginka hanyar kunna wuta

Duk wanda ya shiga harkar ƙananan jiragen sama masu rimot, ya kuma zaɓi inji mai shan mai, ba ya daɗewa zai lura cewa mutanen filin tashi sun rabu gida biyu. Wasu na yawo da ƙaramin sandan kunna fulogin garwashi a aljihu, hannu duk maiƙo. Wasu kuma sun cusa akwatin CDI, mai kunna mai da tartsatsin lantarki, da batir da wayoyi a cikin jirgi, suna warin fetur. Kowanne ka tambaya zai ce maka nasa ne daidai, kuma a kan jirginsa yana iya yin gaskiya. Abin da zai raba maka gardamar shi ne girman injinka, irin man da za ka ƙona, da yawan tashin da kake yi.

Mutane da yawa sun ɗauka tartsatsi ne sabon abu, alhali shi ne na farko. Injunan shekarun 1930, irin su Brown Junior na Amurka, duk da fetur da tartsatsi suke aiki, jirgi na ɗauke da kwayil da kwandensa da batura. A 1947 Ray Arden ya fito da fulogin garwashi, aka sauke duk wannan kaya, injuna suka yi sauƙi kuma suka ƙara gudu. Sai da kayan lantarki suka ƙanƙance tartsatsi ya dawo da ƙarfinsa.

Yadda kowanne ke kunna mai

A cikin fulogin garwashi akwai 'yar siririyar waya a nannaɗe, wadda aka yi da gaurayen ƙarfen filatinam. Kafin ka tada inji sai ka ɗora mata wuta ta 1.2V zuwa 1.5V, ta yi jajir. Da injin ya kama sai ka cire batirin, wayar kuma ba ta mutuwa. Zafin fashewar da ta wuce yana riƙe ta, sannan tururin metanol, man da irin wannan inji ke sha, idan ya taɓa filatinam yana ƙara mata zafi da kansa, kamar garwashin da ake hura wa iska. Shi ya sa irin wannan fulogi da metanol suke tafiya tare.

Abin lura shi ne babu wanda ya saita wa injin lokacin kama wuta. Zafin fulogi, matsin silinda, yawan naitro (sinadarin ƙara ƙarfi da ake haɗawa a cikin mai), saitin allurar mai, nauyin farfela, har da zafin rana, su ne ke haɗuwa su yanke. Idan injin na gudu, wayar na ƙara zafi, wuta na kamawa da wuri, wanda shi ake so. Idan ya sauko silo, wayar na hucewa, ɗanyen mai na jiƙa ta, kuma a nan ne yawancin mutuwar inji ke faruwa.

CDI kuwa irin wanda masu babur suka sani ne, an dai rage masa girma. Ana dasa ɗan maganaɗisu a jikin cibiyar da farfela ke zama a kai, a ɗaure sensa a jikin injin. Duk juyin da maganaɗisun ya gifta, akwatin zai saki wutar da ya tara ta cikin kwayil, tartsatsi ya tashi a bakin fulogi. Akwatunan yanzu suna lissafa gudun injin da kansu. Lokacin tadawa suna jinkirta tartsatsin har fistin ya kusa ƙololuwa, don kada farfela ta dawo maka a yatsa, sannan su riƙa gabato da shi yayin da juyi ke ƙaruwa, har kusan digiri 28 zuwa 30 kafin ƙololuwa. A nan kusurwa ce ke mulki, kuma ba ta canzawa don gari ya yi sanyi.

Mataki na farko: raba maganar mai da maganar wuta

A nan ake yawan rikicewa. Da an ce garwashi sai a tuna metanol, da an ce CDI sai a tuna fetur, kamar hanyoyin biyu ne kacal. Huɗu ne. Akwai metanol da garwashi, wato injin da kowa ya sani. Akwai fetur da tartsatsi, irin injunan DLE, DA, jerin GT na O.S. da jerin FG na Saito. Akwai metanol da tartsatsi, wanda kamfanin YS ya yi wa wasu manyan injunansa masu bugu huɗu na gasar wasan sama, kuma shi ne abin da kake samu idan ka ɗora CDI a kan tsohon injinka ba tare da canza mai ba. Na huɗu shi ne fetur da garwashi: O.S. ya yi GGT10 da GGT15, masu shan fetur da fulogi na musamman mai suna G5, babu akwati babu batir a jirgi.

Ka tambayi kanka abin da ke damunka tukuna. Idan yawan shan mai ne da maiƙon da ke ɓata jikin jirgi, maganar mai kake yi. Idan mutuwar inji ce a silo, ko farfela mai dukan hannu, maganar wuta kake yi, kuma wataƙila ba ka buƙatar barin metanol ko kaɗan.

Mataki na biyu: dubi girman inji da nauyin jirgi

Wannan mataki shi kaɗai yana warware wa yawancin mutane matsalar. Akwatin CDI mai silinda ɗaya yana kai giram 100 ko kusa da haka, ka ƙara batir, makunni da wayoyi, sai ka ga an doshi giram 200. A jirgin koyo mai injin .46, wato 7.5cc, wanda duka nauyinsa bai wuce kilo 2.5 ba, wannan kaya ne da za ka ji shi wajen tashi da sauka, ga kuma rashin wurin ajiye shi nesa da risiba, wato na'urar da ke karɓar siginar rimot. A jirgi mai injin 50cc da ke kai kilo 7 ko 8, ko a jikinsa.

Ƙasa da 10cc, wato .60 zuwa ƙasa, ka zauna a kan garwashi. Ƙananan injuna irin Cox .049 ma babu zancen zaɓi, domin wayar a cikin kan silindar take. Daga 20cc zuwa sama, wato daidai da 1.20, fetur da CDI sun fi hankali ga kusan kowa. Tsakanin 10cc da 20cc ne ake zufa, kuma a nan sauran matakan ke da amfani.

Akwai wani abu da ake mantawa. Jiragen da aka kwaikwayi na yaƙin duniya, masu gajeren hanci da faffaɗan murfin inji, kusan kullum sai an ƙara musu dalma a gaba kafin su daidaita. A irin wannan jirgi nauyin injin fetur da batirinsa ba asara ba ne, dalmar kawai za ka cire. Jirgi mai dogon hanci kuwa, ƙarin nauyi a gaba zai tilasta maka ƙara wani a wutsiya, ka biya sau biyu.

Mataki na uku: lissafa man da kake ƙonawa

Don fetur ya ƙone sarai yana buƙatar iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya nasa, a ma'aunin nauyi. Metanol kusan 6.4 yake buƙata, naitro kuwa 1.7 kacal. Ma'ana, da iskar da silinda ta shaƙa, injin metanol zai sha fiye da ninki biyu na abin da injin fetur zai sha, kuma yawan naitro na ƙara ƙishirwar. Injin .46 a cikakken totur yana shan kusan mililita 30 a minti, abin da ba ya tada hankali. Amma ka kai 20cc ko 30cc a kan metanol, sai tanki ya zama rabin cikin jirgi, galan kuma ya riƙa ƙarewa kana kallo.

Wannan yawan shan ba banza yake tafiya ba. Metanol na ɗauke zafi mai yawa idan yana zama tururi, don haka yana sanyaya inji daga ciki, kuma a girma ɗaya injin metanol ya fi na fetur ƙarfi da sauƙin nauyi. Dalilin ke nan masu jirage masu saukar ungulu da masu tsere ba su rabu da garwashi ba, wasunsu na zuba naitro har kashi 30 cikin 100. Injin fetur ya fi zafi, kuma da yake man da ke bi ta allurarsa kaɗan ne, ɗan juyi kaɗan na canza saitinsa sosai.

Sai maiƙo. Man garwashi na ɗauke da man shafawa kashi 16 zuwa 20 cikin 100, na zurma ko na haɗi, kuma yawancinsa ta salansa yake fita ya kwanta a fiffike. Na fetur daga 50:1, wato fetur kashi 50 ga man shafawa kashi ɗaya, zuwa 30:1 ne a injuna masu bugu biyu, Saito FG kuma 20:1. Wanda ya gaji da goge jirgi bayan kowane tashi ya san bambancin. Amma fetur ma da nasa: warinsa na kama mota da ɗaki, ga saurin kama wuta. Metanol guba ne, harshen wutarsa kuma da ƙyar ake ganinsa da rana. Kowanne ka zaɓa, ka riƙa zuwa fili da abin kashe gobara.

Idan sau ɗaya ko biyu kake tashi a wata, rarar man fetur ba za ta mayar maka da abin da ka kashe a akwati da batir da sabon tanki ba da wuri. Mai tashi kowane mako da babban inji kuwa, tuni ya kamata ya koma.

Mataki na huɗu: yadda injin ke zaune, da irin silon da kake so

Injin da aka ɗaura kai ƙasa yana tara mai a daidai ramin fulogi, ya kashe garwashin a silo. Inji mai silinda biyu ko fiye yakan rasa ɗaya daga cikinsu lokacin da ka rage totur za ka sauka, kuma ba lallai ta dawo ba idan ka sake buɗewa. Manyan injuna masu bugu huɗu kuma sun shahara da dukan baya wajen tadawa, har su kwance notin farfela. Duk waɗannan tartsatsi na maganinsu, domin shi mai bai jiƙa shi ya huce.

Kafin ka yi tsalle, ka san akwai magani mai sauƙi: 'yar na'urar da ake sakawa a cikin jirgi da batir ɗaya, tana ba fulogin garwashi wuta duk lokacin da totur ya sauko ƙasa da kusan kwata. Ga inji mai kai ƙasa da ke mutuwa a silo kawai, sau da yawa ita ta isa. Ba ta gyara dukan baya, tunda ba ta taɓa lokacin kama wuta.

Mataki na biyar: rediyonka

Tartsatsi na watsa hayaniyar lantarki. A zamanin rediyon rimot na 35MHz da 72MHz wannan ya kada jirage da yawa. Rediyon 2.4GHz ya fi jurewa, amma hayaniyar na iya bin waya ta shiga risiba idan hular fulogi ta yi sako-sako ko rigar wayar ta yage. In har ba ka da wurin raba kayan wuta da kayan rediyo a cikin jirgin, wannan ma amsa ce: garwashi.

Idan garwashi ka zaɓa

Yanzu zaɓin fulogi shi ne saitin taimin ɗinka, wato lokacin kama wuta, don haka kada ka ɗauki duk wanda ya shiga rami. Fulogi mai zafi yana kunna mai da wuri, mai sanyi yana jinkirtawa. Ƙaramin inji, naitro kaɗan da sanyin gari suna son mai zafi. Naitro mai yawa, matsi mai ƙarfi da gudu mai tsanani suna son mai sanyi. A jerin O.S., lamba 6 mai zafi ne, lamba 8 matsakaici, lamba 10 mai sanyi. Ga injin wasa mai bugu biyu da naitro kashi 5 zuwa 15, ka fara da lamba 8 ko makamancinsa. Inji mai bugu huɗu sau ɗaya yake fashewa a juyi biyu, wayarsa na jira ninki biyu, saboda haka yana da nasa fulogin mai riƙe zafi, irin O.S. F. Ka kuma duba tsawo: akwai dogo akwai gajere, kuma dogo a ƙaramin inji na iya taɓa fistin. Bayan ka ɗaura, juya farfela a hankali da hannu ka ji ko akwai inda ta tokare.

Kafin ɗaurawa, ɗora masa wuta ka kalli wayar a inuwa. Ja mai haske da ya karkata ga ruwan lemo, har zagayen ƙasa, shi ake so. Ja mai duhu na nufin batir ya yi sanyi ko fulogin ya jiƙe, za ka ma ji yana ɗan tsuwa yana ƙona man. Fari tas kuwa wuta ta yi yawa, saura kaɗan wayar ta tsinke. Kada ka manta da zoben tagullar da ke zuwa da shi, kuma ɗauri kaɗan ya isa, domin kan silinda alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfin hannu.

Injin da kansa zai gaya maka ko ka dace. Tada shi, bar shi ya ɗumama, ka sauko silo, sannan ka cire sandan kunnawa kana saurare. In sautin ya faɗi sosai, fulogin ya yi sanyi ga man da kake amfani da shi, ko kuma ya tsufa. In a cikakken totur kana jin wani ƙara-ƙara kamar ana suya, injin na zafi fiye da kima, ko fulogi na mutuwa bayan tashi kaɗan, to ya yi zafi, ko ka matse allura da yawa. Ciro shi ka duba. Waya mai sheƙi, a tsakiya, lafiya lau. Wadda ta yi toka-toka ta dushe ta gaji ko da tana ja. Wadda ta lanƙwashe ko ta nutse ciki tana shaida cewa wuta na kamawa da wuri ƙwarai.

Wajen saita babbar allura, rufe ta sannu a hankali har injin ya kai ƙarshen gudunsa, sannan ka buɗe baya har ya sauka da juyi 200 zuwa 300 a minti. Ɗaga hancin jirgin sama na 'yan daƙiƙu a cikakken totur. In ya fara shaƙewa, ƙara buɗewa. A sama farfela na samun sauƙi, tanki na raguwa, injin na ƙara ƙishirwa, kuma saitin da ya yi daɗin ji a ƙasa shi ke cinye fulogi.

Idan mai ya cika silinda har farfela ta ƙi juyawa, kada ka matsa mata da sitata, kwanrod zai lanƙwashe. Cire fulogi, kifa jirgin, juya har man ya fita, ka kawar da fuskarka daga ramin. In an tashi daga fili, zare tiyon mai ka bar injin ya ƙone abin da ya rage, ka ɗiga masa man adana inji. Metanol na jan ruwa daga iska, ragowar naitro na zama asid, su biyun ke sa boris tsatsa. Galan ma ka rufe shi gam.

Idan CDI ka zaɓa

Fara da fulogi da hularsa, domin dole su dace da juna. Yawancin injunan fetur na amfani da NGK CM-6 mai zaren milimita 10, tazarar bakinsa kusan rabin milimita. Injin da asalinsa na garwashi ne yana karɓar ƙaramin fulogin tartsatsi mai zaren 1/4-32, wanda ke shiga ramin tsohon kai tsaye. Tura hular har ta zauna daram. Hular da ke motsi ita ce tushen yawancin katsewar inji da rikicin rediyo. Wayar da ke zuwa gare ta na da rigar ƙarfe saƙaƙƙiya. Inda za ta gogi murfin inji ka sa mata kariya.

Naɗe akwatin da soso, ka ɗaure shi nesa da salansa. Batir kuma ka bi abin da aka rubuta a jikin akwatin, ba abin da wani ya ce maka ba: tsofaffi da yawa 4.8V zuwa 6V suke ɗauka, sababbi irin na Rcexl na karɓar LiPo mai sel biyu kai tsaye. Raba akwati, batirinsa da makunninsa daga risiba iyakar yadda cikin jirgi ya bari, santimita 30 in zai yiwu. Sandar da ke jan totur kada ta zama ƙarfe daga farko har ƙarshe, a sa roba a inda ta haɗu da kafireta.

Makunnin kashe wuta daga rimot ba ado ba ne. Injin garwashi in ka rufe totur gaba ɗaya ya mutu, amma in sandar totur ta zare a babban injin fetur, zai yi ta gudu har tanki ya ƙare, kuma tankin fetur ba ya saurin ƙarewa. Sa irin makunnin da ke raba ɓangarorin biyu da haske, ka kuma saita rediyo yadda in sigina ta ɓace wuta za ta yanke da kanta. Gwada shi a ƙasa: inji na silo, wani na riƙe da jirgi, ka kashe rimot ka gani.

Injin da ya zo da CDI daga masana'anta an riga an saita masa taimin, ka bar sensa inda take. In kai ne ke ɗorawa, sai ka nemo ƙololuwar fistin tukuna. Kada ka dogara da ido, domin a can sama fistin na tsayawa cik na digiri da yawa. Cire fulogi, ka ɗaura ɗan abin tokare fistin a ramin. Juya cibiyar farfela a hankali har fistin ya taɓa shi, ka yi alama a cibiyar daidai wani tsayayyen wuri a jikin injin. Juya ta ɗaya gefen har ya sake taɓawa, ka sake alama. Tsakiyar alamun nan biyu ita ce ƙololuwa. Daga nan lissafi ne: faɗin cibiya sau 3.14, sau 28, a raba da 360. Cibiya mai faɗin milimita 40 za ta ba ka kusan milimita 9.8. Wannan tazarar za ka auna a gefen cibiyar, ta yadda tartsatsi zai tashi saura milimita 9.8 alamar ƙololuwa ta iso tsayayyen wurin nan. Akwai 'yar na'urar gwaji mai fitila ko ƙara da ake jona wa sensa, ita ke nuna ainihin inda take sakin wuta. Matsa sensa har ta yi daidai da alamarka. Yawancin injunan nan hagu suke juyawa in ka tsaya a gabansu, don haka matsar da sensa dama na gabato da wuta, hagu na jinkirta ta. In babu tartsatsi ko kaɗan, kafin ka zargi akwati juya maganaɗisun, domin fuska ɗaya kawai sensa ke ji. Ka tabbatar da hakan kafin ka manne shi.

Abu biyu kada ka yi. Kada ka juya farfela wuta na kunne alhali babu fulogi a cikin hula, wutar da ta rasa mafita na iya ƙona akwatin. Kuma kada ka kama farfela da sakaci in ba ka duba makunni ba, ko da ka tabbata kai ka kashe shi.

In fetur za ka zuba, tiyon silikon da murfin tankin garwashi ba za su yi ba, kumbura suke yi su saki. Sa tiyon Tygon ko Viton da murfin da aka yi don fetur, ka riƙa duba tiyon cikin tanki domin yana taurara da daɗewa. Kafiretar fetur irin ta Walbro na da famfonta, ba ta buƙatar matsin salansa. Wajen tadawa: rufe cok, kunna wuta, buga farfela har injin ya yi tari ɗaya, buɗe cok, sake bugawa. Ka buɗe wa iska hanya a murfin inji, mafita ta fi mashiga girma sosai, in ba haka ba zafi zai taru ya kashe injin a sama. Kafin tashin farko ka yi gwajin nisan rediyo sau biyu, inji a kashe da inji na aiki a gudu daban-daban. In nisan ya ragu sosai da inji na aiki, jirgin ba zai tashi ba sai an gano dalili. Batirin wuta kuma ka auna shi tsakanin tashi da tashi, domin yawan juyi na ƙara masa ja.

Mai son juya tsohon inji

Ɗora CDI a kan injin garwashi ka ci gaba da metanol aiki ne mai kyau, musamman a babban inji mai bugu huɗu. Tanki, tiyo da kafireta duk suna nan yadda suke. Za ka samu silo mai natsuwa, tadawa ba duka, kuma kana iya rage naitro sosai tunda ba ka buƙatarsa don riƙe garwashi. Man shafawa dai ka bar shi yadda masana'anta ta ce, kuma ka sake saita allurai daga farko.

Mayar da shi fetur gaba ɗaya wani zance ne, kuma ni ba na ba da shawararsa ga wanda tashi yake so, ba zaman gyara ba. Kwanrod ɗin injin garwashi a kan zoben tagulla yake juyawa, an yi shi ne don ya yi wanka da mai kashi 18 cikin 100, alhali yawancin injunan fetur masu bugu biyu boris mai allurai gare su a wurin. Dole ka zuba man shafawa mai yawa, 20:1 ko fiye, ka nemo kafiretar da za ta iya auna ɗan man da fetur ke buƙata, ka jure ƙarin zafi a silindar da ba a yi mata isassun fukafukan sanyaya ba, sannan ƙarfi ya ragu. In ka haɗa kuɗin akwati, kafireta, fulogi da maganaɗisu, ka kwatanta da injin fetur na 15cc ko 20cc da aka ƙera don haka, wanda ke zuwa da nasa CDI da salansa a kwali ɗaya. Tsohon injin kuma ka ɗaura masa sabon fulogin garwashi ka nema masa jirgin da ya yi daidai da shi.